Birkin Gefen Malam

Duk wanda ya koyi tuƙi a hannun Malam Sannu-Sannu zai gaya maka cewa ƙafar daman mutumin nan ba ta san hutu ba. Motar makarantarsa 'yar ƙarama ce fara, da jan allo a samanta, kuma birki biyu gare ta: ɗaya a gaban ɗalibi, ɗaya a gefen malam, wata sandar ƙarfe ta haɗa su ta ƙasa. Kafin ɗalibi ya hango rami, Malam ya taka. Kafin ɗalibi ya lura mai keke na shirin yanko masa, Malam ya taka, ya kuma bi da maganar da ta zame masa suna: "Sannu-sannu, ba koro mu aka yi ba." Shekara da shekaru yana wannan aiki har ƙafar ta daina jiran umarninsa. In ya shiga bas, ƙasan bas ɗin yake takawa. Ko a shagon aski aka juya masa kujera da sauri, sai ka ji dum a kan katako, mai askin ya ce, "Malam, ai mun tsaya."

To wannan bawan Allah ne aka ba ɗa namiji guda ɗaya bayan 'yan mata uku masu natsuwa, yaron kuwa ya fito kamar an aiko shi ne ya rama wa duk ɗalibin da aka taɓa taka wa birki.

Tsalle ake ce masa, har uwarsa ta haƙura ta bi sahun mutane. Bai gama iya tafiya ba aka same shi a saman firji yana lasar sukari. Yana firamare ya sauko daga bene ta bututun ruwa, da aka tambaye shi dalili ya ce matakala ce ta cika da mutane. Keken da aka saya masa kuwa, sati bai zagayo ba ya kwance birkin ya tura ƙarƙashin gado, wai yana ƙara yana damunsa. Ɗan mai koyar da tuƙi, jama'a! Ya karya hannu, ya goce kafaɗa, ya bar rabin haƙori a bakin kwata. Ma'aikatan asibiti in sun hango shi ba sa ma tambayar kati, sai dai su ce, "Tsalle, yau kuma daga ina aka faɗo?"

Malam ya yi duk abin da uba ke yi. Ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya yi duka har hannunsa ya gaji. Ya kulle ƙofa, yaron ya fita ta taga ya dawo ta taga, riƙe da biredin da ya ji uwarsa ta ce ya ƙare. Wata rana ya kama hannunsa ya kai shi garejin makaniken da ke jikin makarantar, ya nuna masa wata mota da ta yi haɗari ta murƙushe kamar gwangwani, ko zai tsorata. Yaron ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya haye samanta, sannan ya tambaya tsakaninsa da Allah, "Baba, gudu nawa take yi lokacin?"

Abin da ya fi ɗaure wa Malam kai shi ne yaron ba fitsararre ba ne. Da fitsararre ne da an san inda aka dosa. Ba ya shaye-shaye, ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya wuce babba bai gaishe shi ba. In ka yi masa faɗa sai ya sunkuyar da kai ya ce "To, Baba," kuma wallahi har zuciyarsa yake faɗa. Sai dai kafin yamma ka hango shi a kan katanga yana tafiya kamar a tsakar ɗaki. Maƙwabta ma ba su taimaka ba. Ranar da ƙofa ta rufe wa matar mai kemis tana waje, tukunya na kan wuta, jaririnta na ciki a hawa na uku, Tsalle aka ƙwala wa kira, shi ya bi baranda-baranda ya shiga ta taga. Da yamma mai kemis ya zo har gida ya yi godiya kamar zai yi kuka, da zai tafi kuma ya ja Malam gefe ya ce, "Amma fa ka tsawata masa, wata rana yaron nan zai kashe kansa." Malam ya tsaya a bakin ƙofa bai san wanne zai amsa ba, godiyar ko gargaɗin.

Ana nan ana nan, yaro ya gama sakandare, gashin baki ya fara tsirowa, sai ga wasu ma'aikata sun zo gyaran dogon ƙarfen sabis ɗin waya da ke bayan makarantar tuƙin. Ƙarfen nan in ka ɗaga kai kana neman ƙarshensa sai hularka ta faɗi. Tsalle, wanda aka sa wankin mota da sharar fili ko zai zauna wuri ɗaya, ya yar da soso ya koma gindin ƙarfen ya tare. Yau ya miƙa musu igiya, gobe ya ɗauko musu ruwa, har shugabansu, wani gajeren dattijo da ba a taɓa ganinsa ba hular kwano ba, ya ce zai ɗauke shi horo. Amma da sharaɗi: ba ya karɓar ɗan kowa sai uban ya kawo shi da ƙafarsa. Kuma ƙarshen mako za su tattara su wuce wani aikin.

Yaron ya kawo maganar da yamma, a durƙushe, da ladabinsa. Sai da yaron ya fita sannan Malam ya juya ga matarsa da ke guga a kan teburin falo.

"Kin ji ɗanki?"

"Na ji ɗanka."

"Ƙarfen sabis fa. Wanda ko tsuntsu sai ya huta a hanya."

Ta ajiye dutsen gugar a tsaye. "Malam, yaron nan ko ka bari ko ka hana, hawa zai yi. Su dai waɗancan da igiya suke hawa."

"Wato in bar shi kenan."

"Ni ban ce ba. Tun jiya na ji ƙishin-ƙishin maganar. In ya faɗo daga can ba ɗori za a yi ba."

"To in hana shi."

"Ban ce ba. In ka hana shi me zai yi? Ya zauna yana wanke maka mota har ya yi furfura? Kwana biyu zai yi ya nemo abin da ya fi wannan muni, kuma ba za mu ji ba sai an kira mu."

"To me kika ce, fisabilillahi?"

"Na ce kai ne ubansa." Ta ɗauki dutsen ta ci gaba, hawaye na ɗiga a kan rigar tana bi ta kansu da guga.

Haka Malam ya yi ta yawo da maganar a kansa, ya juya ta nan ya juya ta can, ba ta kwanta ko ta ina ba. Daga ina ma yaron ya kwaso wannan hali? Shi dai ko kujera zai taka sai ya girgiza ta tukuna, uwar kuwa in ta hau tsani jiri take gani. Wani lokaci sai ya ga matsin da ya yi wa yaron ne ya yi yawa, shi ya sa yake neman sama. Can kuma sai ya ga a'a, sakaci ya yi, da tun ranar firji ya ɗaure shi a ƙafar gado da ba a zo nan ba. In ya hana, yana tsoron yaron ya sulale ya bi su ba sallama, ko ya zauna ya zama wani mutum daban mai kallon bango. In ya bari kuma wani abu ya faru, shi ne fa zai zama uban da ya kai ɗansa da ƙafarsa. Wannan kalmar ta mai hular kwano ita ke hana shi jin ɗanɗanon abinci.

Yana zaune gefen wata malamar makaranta da ke koyon ribas dabara ta faɗo masa. Tsalle ya iya mota, a hannunsa ya koya, sai dai bai taɓa yarda ya kai shi gwajin lasisi ba. Ana tashi daga darasi ya kira shi.

"Gobe da safe za ka tuƙa ni. Mu fita ta bakin kasuwa, mu zagayo ta shataletale, mu hau gada mu dawo. In kai kaɗai ka tsayar da motar a duk inda ya kamata, ban taka maka ba, ni da kaina zan riƙe hannunka in kai ka wurin mai hular kwano. In kuwa na taka, ko sau ɗaya ne, maganar ƙarfe ta mutu. Ka yarda?"

Fuskar yaron ta washe. "Na yarda, Baba."

Malam ya kau da kai. Tun da ya buɗe makarantar nan ba a taɓa yin ɗalibin da ya kai bakin kasuwa bai taka masa ba, kuma ya sani. Ya ji kunya, amma ya ce wa ransa zai iya ɗaukar kunya, gawar ɗa ce ba zai iya ɗauka ba. Kafin ya tafi gida ya tura motar gareji, don kwana biyu birkin gefensa ya yi laushi. Ya ce a duba a dawo da ita kafin a tashi, ya bar Tsalle ya karɓi makulli ya wanke ta.

Da safe ya zagaya motar kamar kullum, ya duba taya, ya duba mai da ruwa, ya goge madubi da hannun riga. Ya zauna a gefensa ya danna birkinsa, ya ji ya tafi ya dawo, amma laushin na nan, har ma ya ƙaru. Ya ja tsaki ya ce makaniken nan sai surutu. Tsalle ya ɗaura bel, ya gyara kujera, ya yi bisimilla, suka fita.

Gaskiya dai yaron hannunsa na da kyau, abin da ya ƙara ba Malam haushi kenan. Giya na shiga ba ƙara, sitiyari na juyawa ba fizga. Bai wuce ƙa'ida ba, amma kuma bai bar mata komai ba, daidai bakin layin yake tafiya kamar yadda yake bin katanga. Malam ya naɗe ƙafarsa ƙarƙashin kujera ya danne ta da hannu, don ya yi niyyar ya ɗan yi adalci ko zuwa kwanar farko ne. Ina! Suna dosar bakin kasuwa wata mata da kaya a ka da yaro a hannu ta sako ƙafa a titi, kafin Malam ya san abin da ake ciki ƙafar ta ƙwace ta yi dum. Mota ta tsaya, mata ta wuce ba ta ko waiwayo ba.

"Ka gani ko?" in ji Malam. "Maganar ta mutu."

Tsalle ya dubi ƙafar uban, ya dubi titi. "To, Baba. Mu juya ne?"

"Ƙarasa zagayen, ka ga sauran kurakuranka."

Daga nan Malam ya saki ƙafa ta yi yadda take so. Bas ta ci birki a gabansu ba sigina, dum. Mai babur ya kutso ta dama, dum. A shataletale wata babbar mota ta ƙi ba su hanya, dum. Duk takawar da ya yi sai motar ta tsaya cak a inda ya so, shi kuma ya bi da bayani, yaron na cewa "To, Baba." Sai da suka gangaro daga gada ne abin ya so ya zama wani abu. Wani dattijo a kan keke, da kwalin ƙwai ɗaure a baya, tayarsa ta faɗa rami ya kife a tsakiyar titi, daidai gabansu. Malam ya yi salati ya taka da duk ƙarfinsa har gwiwarsa ta yi ƙara. Taya ta yi kuka, mota ta tsaya, tsakanin bamba da kan dattijon bai fi tafin hannu ba.

Mutane suka taru, aka ɗaga dattijo, ƙwai kawai aka yi asara. Malam ya kasa fitowa, jikinsa sai rawa yake yi kamar mai zazzaɓi. Da suka bar wurin ya juyo ga ɗansa, muryarsa ma ba tasa ba.

"Da ba na cikin motar nan, da yanzu ka kashe mutum. Ka ji ni? Ka kashe mutum! Kai ne za ka hau ƙarfen sabis?"

Tsalle ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi hannun uban da ke karkarwa a kan gwiwa, sai ya rufe. Suka ƙarasa makaranta. Ya faka motar daidai layinta, ya miƙa makulli da hannu biyu, ya juya ya tafi. Malam ya bi shi da kallo yana jiran ya ga ya kama katanga ya dira kamar kullum. Yaron ya bi ta ƙofa, a hankali, har ya tsaya ya mayar da sakata.

Ai shi ke nan, an samu abin da ake so. Shekara nawa Malam yana roƙon Allah ya nuna masa ranar da yaron nan zai bi ta ƙofa? Ga ranar ta zo, amma maimakon ya ji sanyi sai ya ji kamar an zare masa wani abu a ƙirji. Ya zauna a benci ƙarƙashin rumfa, ya zuba shayi ya bar shi ya huce. Shi ya yi nasara, shi ya ceci dattijo, shi ya ceci ɗansa, to me ya sa yake jin kamar ɓarawo? Ya rasa wa zai tambaya.

Rana ta take sai ga makanike ya shigo yana fito, rigarsa duk baƙin mai, da wata sandar ƙarfe a kafaɗa.

"Malam, a yi haƙuri, mai walda ne ya ɓata mini lokaci. Yanzu zan mayar maka, kafin ɗaliban yamma."

"Ka mayar da me?"

"Sandar birkinka mana. Ai tsagewa ta yi, shi ya sa kake jin laushi. Jiya na kwance ta gaba ɗaya." Ya dubi motar, ya dafa bonet ya ji da ɗumi, sai fiton ya tsaya. "Malam, kada dai ka ce mini an fita da ita."

Malam ya miƙe daga benci. Ya buɗe ƙofar gefensa, ya durƙusa a ƙasa da fararen kayansa, ya cusa kai ƙarƙashi. Ga birkinsa nan a rataye, da ɗan sufirin da ke dawo da shi in an taka, amma bayan wannan babu abin da ya haɗa shi da komai. Ya danna shi da hannu, na gefen direba ko motsi bai yi ba. Ya sake dannawa. Da matar bakin kasuwa, da bas, da mai babur, da dattijo mai ƙwai, duk suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ashe tun safe ƙasan mota yake ta duka, yana kuma bi da bayani.

"Amma ai na bar saƙo," makanike ya ce yana sosa ƙeya. "Da na kawo makulli na ce wa Tsalle ya gaya maka kada a fita da ɗalibi, babu birki a gefenka. Har sau biyu na faɗa masa."

Nan kan Malam ya ƙarasa kwancewa. Wato yaron ya sani! Ya sani ya ɗauki ubansa a mota ba birki ya shiga da shi kasuwa! Wani irin fushi ya taso masa har kunnensa ya yi zafi. Kafin fushin ya gama tasowa kuma sai wani abu ya biyo bayansa, mai kama da abin da ya ji ranar da aka ce masa an haifi namiji: tafin hannu ɗaya tsakanin bamba da kan mutum, a gangaren gada, kuma ƙafar ɗansa ce ta yi. Ya rasa wanne zai riƙe. Wannan shi ne ganganci mafi girma da yaron ya taɓa yi, ko kuwa shi ne hankali na farko? Ya duba ta nan ya ga ganganci, ya duba ta can ya ga hankali.

Har wata zuciyar ta ce masa ya yi shiru. Makanike bai san da alkawarin ba, yaron kuwa ga alama ba zai tona ba, jibi masu ƙarfe za su tafi, shi ke nan an wuce wurin. Ya yi ta zama da wannan tunanin har makanike ya gama ɗaurawa ya tafi. Sannan ya tuna yadda yaron ya mayar da sakata, sai ya rufe makarantar ya nufi gida.

Ya same shi a bayan gida, zaune a ƙasa jikin tankin ruwa. A ƙasa fa, ba a saman tankin ba.

"Makanike ya kawo sandar," in ji Malam.

Tsalle ya miƙe tsaye, ya sunkuyar da kai.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa ba za ka shiga ba, Baba."

"Ƙwarai kuwa ba zan shiga ba! Wane mai hankali ne zai shiga? Ka ɗauki raina da na mutanen titi ka yi gwaji da su?"

"Baba," yaron ya ce a hankali, "duk motocin da muka wuce birki ɗaya gare su."



"Ni ma so nake in gani," yaron ya ci gaba. "Tun da na fara koyo ban san ko ina tsayawa ba. In na kai ƙafa sai in tarar ka riga ni. Jiya da ya ce babu sandar, sai na ce to bari in gani ko na iya."

"To da muka dawo fa? Na ce ka kashe mutum, ka yi shiru. Ka bar ni ina ta zuba."

"Na ga jikinka na rawa. Na ce in na gaya maka a lokacin cewa ba komai a ƙafarka, faɗuwa za ka yi. Daga baya kuma sai na ga ai ka taka, alkawari kuma ka ce in ka taka."  "Na yi laifi, Baba."

Malam ya ɗaga hannu, shi kansa bai san mari zai yi ko dafa kafaɗa ba, hannun ya tsaya a sama. Uwar yaron ce ta raba gardamar. Ashe tana bakin ƙofar kicin tana ji. Ta zo ta ɗaka wa ɗan duka a ƙeya da bayan ludayi.

"Wannan na ɓoye saƙo ne, ja'iri. Ka so ka mayar da ni bazawara?" Sannan ta juyo ga mijin. "To, Malam, yanzu fa?"

"Wallahi ban sani ba."

"Wa ya tsayar da motar?"

"Shi."

"Ko sau ɗaya ka tsayar masa?"

"Ko sau ɗaya." Ya sauke hannun. "Amma ki duba abin da ya yi fa. Wanda zai yi wannan a ƙasa, me zai yi a sama?"

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Bari in goge maka wata rigar, wannan ta yi baƙin mai. Ba za ka je gaban mutane haka ba."

Da ƙafarsa ya kai shi. Mai hular kwano ya karɓe su a gindin ƙarfen, ya nuna wa Malam ɗamarar da ake ɗaurawa, da ƙugiyoyi biyu da ke jikinta, ya ce dokarsu ɗaya ce: ba a cire ƙugiya sai 'yar uwarta na maƙale, wanda ya karya kuwa ranar zai koma gidan ubansa. Malam ya ja igiyar da hannu, ya sake ja, ya tambayi wa ke riƙe da ɗaya bakin daga ƙasa. Dattijon ya ce babu, kowa shi ke maƙala tasa. Malam ya ce to, ya tafi gida ya kasa cin abinci.

Bayan 'yan makonni na horo aikin ya dawo da su ƙarfen bayan makarantar, ranar ce kuma Tsalle zai yi hawansa na farko har sama. Malam ya sallami ɗaliban safe, ya ce ba zai kalla ba, sai ga shi a filin tun kafin a sauke kaya, matarsa a gefensa da mayafinta.

Yaron ya fara hawa. Ya maƙala, ya taka, ya cire, ya maƙala. A hankali yake tafiya har abin ya ba Malam mamaki, ya ji yana cewa a ransa wannan kuwa ɗansa ne? Ya yi ta ƙanƙancewa har hular kwanonsa ta koma kamar murfin kwalba. Malam ya fara sakin numfashi kenan, sai yaron ya kai ƙarshe, ya jingina baya a kan igiyarsa, ya saki ƙarfen da hannu biyu yana ɗaga musu.

Dum! Ƙafar Malam ta sauka da duk ƙarfinta, daidai kan yatsun matarsa.

Ta ja numfashi ta cije leɓe. Malam ya dubi ƙasa a firgice, zai janye.

"Bar ta a nan," ta ce, idonta na sama, ta kama hannun rigarsa ta riƙe. "Bar ta har ya sauko."